Tallafin Gwamnatin Amurka Domin Lafiyar Ƙwaƙwalwar 'Yan Sanda

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi bayani a kan wani irin tallafin kuɗi da Gwamnatin Tarayya ta ƙasar Amurka ta soma rabawa a shekarar 2019 domin kula da lafiyar ƙwaƙwalwar 'yan sanda. Za a duba dalilin da ya sa aka ƙirƙiro shi, da hanyar da kuɗin suke bi kafin su isa ga mabukata, da kuma abin da yake tare musu hanya. Abin da ake son nunawa shi ne, ko da yake kuɗin kaɗan ne, ƙarancinsu bai kai wata matsalar girma ba, watau tsoron da ɗan sanda yake yi kada abin da ya faɗa a ɗakin neman magani ya fito fili ya raba shi da aikinsa.

Kafin a shiga cikin bayani ya kamata a daidaita kalmomi, domin a nan harshe yana iya ɓad da mai karatu. Bahaushe yana da "hauka" da "taɓuwa" da "taɓin hankali", kuma dukkansu sukan kawo wa mai sauraro hoton mutumin da ya fita daga sahun masu hankali, wanda yara suke bi a titi. Wanda ake nufi a wannan maƙala kuwa mutum ne da yake sa kakinsa kullum da safe, ya gaisa da jama'a, ya rubuta rahoto ba kuskure, amma barci ya ƙaurace masa, abu kaɗan ya harzuƙa shi, abin da idonsa ya gani a wurin aiki kuma ya riƙa dawo masa kamar yanzu yake faruwa. Saboda haka za a yi amfani da "lafiyar ƙwaƙwalwa" kamar yadda gidajen rediyo suka saba, da "ciwon damuwa" ga baƙin ciki mai tsanani wanda yake daɗewa, da "ciwon razana" ga larurar da takan biyo bayan ganin tashin hankali.

Dalilin da ya sa sai ta hanyar tallafi

Mai karatu a Nijeriya ya saba da rundunar 'yan sanda guda ɗaya tilo, mai Sufeto Janar ɗaya, wadda umarni yake sauko mata daga sama zuwa ƙasa. A Amurka abin ba haka yake ba. Akwai hukumomin 'yan sanda kimanin 18,000, na birane da na gundumomi da na jihohi, har da na jami'o'i, kowace tana cin gashin kanta. Abin da ya fi kusa da wannan tsari a tarihin ƙasar Hausa shi ne zamanin 'yan dokan En'e, lokacin da Kano take da nata, Katsina da nata, Zazzau da nata, kafin a shiga haɗe su da 'yan sandan tarayya bayan juyin mulkin 1966. Shugaban ƙasar Amurka ba shi da ikon ya umarci shugaban 'yan sandan wani ƙaramin gari ya ɗauki likita. Abin da yake hannun Gwamnatin Tarayya shi ne kuɗi: ta ajiye su, ta faɗi aikin da take so a yi da su, wanda ya yarda ya rubuto takardar nema.

Ofishin da yake riƙe da wannan aljihu yana ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a, ana kuma kiransa COPS a taƙaice. An kafa shi ne a 1994, zamanin Shugaba Bill Clinton, a cikin wata babbar dokar yaƙi da miyagun laifuffuka, kuma aikinsa na farko shi ne taimaka wa garuruwa su ɗauki sababbin 'yan sanda 100,000. Watau da farko tunanin gwamnati a kan yawan 'yan sanda ya tsaya. Sai bayan shekaru ashirin sa'an nan halin da suke ciki ya sami wuri sosai a takardun hukuma. A watan Disamba na 2014, bayan tarzomar da ta biyo bayan harbe wani matashi baƙar fata a garin Ferguson, Shugaba Barack Obama ya naɗa kwamiti ya duba aikin ɗan sanda baki ɗaya. Rahoton kwamitin ya fito a watan Mayu na 2015 da ginshiƙai shida, na shidansu kuwa shi ne lafiyar ɗan sanda da tsaron ransa. Hujjar kwamitin mai sauƙin fahimta ce: mutumin da bai yi barci ba, wanda zuciyarsa take a dagule, ga shi kuma da bindiga a ƙugu, hatsari ne ga kansa, hatsari ne ga wanda ya tsayar a hanya.

Alƙaluman da suka tayar da hankali

A watan Janairu na 2017 Ma'aikatar Shari'a ta fitar da sakamakon binciken da ta yi wa rundunar 'yan sandan birnin Shikago. Binciken a kan cin zarafin jama'a aka yi shi, amma a cikinsa aka ga cewa ƙwararrun masu ba da shawara uku kacal ne suke kula da ma'aikata kimanin 13,500. A shekara mai bi mata Gidauniyar Ruderman ta wallafa wata takarda wadda ta ce a 2017 'yan sanda aƙalla 140 ne suka kashe kansu a Amurka, alhali waɗanda suka mutu a bakin aiki 129 ne. Wata ƙungiya mai suna Blue H.E.L.P., wadda take tattara irin waɗannan labarai daga iyalai da abokan aiki, ta ƙirga 228 a 2019. A wannan shekara ce rundunar birnin Niyok ta rasa mutum goma ta wannan hanya, har Kwamishinanta na lokacin, James O'Neill, ya fito fili ya kira abin da sunan bala'i.

Wajibi ne a yi hattara da waɗannan alƙaluma. Ƙungiyoyi masu zaman kansu ne suka tattara su, ba hukuma ba, kuma hauhawarsu daga shekara zuwa shekara tana iya nuna ƙaruwar masu kawo rahoto kamar yadda take iya nuna ƙaruwar mace-macen. Har wa yau masana sun saɓa a kan ko 'yan sanda sun fi sauran maza tsararrakinsu kashe kai, domin amsar takan sauya gwargwadon waɗanda aka gwada su da su. Inda babu saɓani shi ne a kan wahalar aikin kanta. John Violanti na Jami'ar Bafalo, wanda shi kansa ya yi fiye da shekaru ashirin yana ɗan sandan Jihar Niyok kafin ya koma bincike, ya daɗe yana bin lafiyar 'yan sandan birnin Bafalo, ya kuma nuna yadda aikin dare da rashin barci da yawan fargaba suke tafiya tare da ciwon damuwa da cututtukan zuciya.

Dokar 2017 da kuɗin da suka biyo ta

Dokar da ta buɗe ƙofar tallafin ta fito ne daga Jihar Indiyana. Tun a 2010 rundunar birnin Indiyanapolis ta kafa wani ofishi na kula da walwalar ma'aikatanta, inda ake haɗa ɗan sandan da ya shiga matsala da wani abokin aiki mai horo, maimakon a jira sai ya yi laifi a hukunta shi. Sanatocin jihar biyu, Joe Donnelly da Todd Young, ɗaya ɗan jam'iyyar Dimokurat ɗaya ɗan Rifablikan, su suka kai ƙudurin Majalisar Dattawa. A Majalisar Wakilai kuwa Susan Brooks ce ta gabatar da shi tare da wasu, cikinsu har da Val Demings, wadda ta taɓa shugabantar 'yan sandan birnin Orlando. Ƙudurin ya wuce ba tare da wata hamayya ba, Shugaba Donald Trump ya sa masa hannu a watan Janairu na 2018.

Dokar gajeriya ce. Ta umarci Ma'aikatar Shari'a ta tuntuɓi Ma'aikatar Tsaro da ta Tsofaffin Sojoji ta ga abin da za a iya ara daga yadda suke kula da sojoji. Ta binciki amfanin layukan tarho na neman agaji da na duba lafiyar ƙwaƙwalwa sau ɗaya a shekara. Ta tattara misalan rundunonin da suka yi abin koyi. Misalan guda goma sha ɗaya aka buga a 2019. Sa'an nan, abin da ya fi muhimmanci, dokar ta yarda a yi amfani da kuɗin ofishin COPS wajen kafa shirye-shiryen da ɗan sanda zai zama abokin shawarar ɗan'uwansa.

A nan akwai wani abu game da tsarin Amurka da ya kamata a fahimta. Dokar da ta yarje a kashe kuɗi daban take da dokar kasafi wadda take fitar da su. Alal misali, a watan Yuli na 2019 an sa hannu a kan wata dokar, wadda Sanata Josh Hawley da Sanata Sheldon Whitehouse suka kawo, ta yarje a kashe har dala miliyan 7.5 a kowace shekara daga 2020 zuwa 2024 a kan irin wannan aiki. Wannan adadi iyaka ce kawai aka yanka. Abin da zai fita a zahiri sai Majalisa ta sake zama a kansa kowace shekara. Abin da ofishin COPS ya raba a ƙarƙashin shirin shi ne kimanin dala miliyan 4.5 a 2020, da kimanin miliyan 7 a 2021, wanda aka kasa gida 65.

Ɗan lissafi kaɗan zai nuna girman abin. 'Yan sandan jihohi da garuruwa na Amurka sun haura 700,000. In da za a raba dala miliyan 7 a kansu ɗaya bayan ɗaya, kowa ba zai sami dala 10 ba, a ƙasar da jihohi da garuruwa suke kashe fiye da dala biliyan 100 a shekara a kan aikin 'yan sanda. Masu shirin ba su taɓa cewa kuɗin magani suke bayarwa ba. Iri suke rabawa, da fatan wanda ya karɓa zai shuka, in ya ga amfanin ya ci gaba daga aljihunsa. Akan ba da tallafin ne na shekara biyu, a horar da abokan shawara, a ɗauki ƙwararre na ɗan lokaci, a wayar da kan iyalai. In wa'adin ya cika, sai majalisar gari ta ɗauki nauyin ko kuwa shirin ya mutu.

Wannan tsari yana da kyawunsa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma bukatar rundunar babban birni ba ɗaya take da ta ƙauye ba. Amma yana da wani aibi wanda ba ya ɓoyuwa. Gasa ake yi, wanda ya fi iya rubuta takardar nema shi yake ci. Babbar runduna tana da ma'aikata waɗanda ba su da wani aiki sai wannan. Kusan rabin ofisoshin 'yan sandan garuruwa a Amurka kuwa ba su da ma'aikata goma masu kaki, kuma a irinsu shugaban ofis shi ne mai rubutu, shi ne mai sintiri in wani ya yi rashin lafiya. Ga shi kuma ɗan sandan ƙaramin gari shi ya fi shiga halin da zai je wurin hatsarin mota ya tarar da gawar wanda ya sani tun suna yara, kuma shi ya fi nisa da likita. Don a rage wannan ne ofishin COPS ya riƙa ƙarfafa ƙananan rundunoni su haɗa kai su nema tare.

Matsalar sirri

A ɗauka kuɗin sun iso, an buɗe ofis, an ajiye ƙwararre. Saura wanda zai shigo. Ɗan sandan da yake fama da ciwon razana yana da lissafin da yake yi a zuci. In ya yi magana, mai yiwuwa a karɓe bindigarsa a zaunar da shi a tebur, abin da abokan aikinsa za su gani su kuma fassara. Mai yiwuwa a tura shi gwajin cancantar ci gaba da aiki, wanda likitan hukuma yake yi, rahotonsa kuma ga hukuma yake zuwa. Mai yiwuwa ƙarin girma ya wuce shi. In kuma wata rana ya harbi wani aka kai shi kotu, lauyan masu ƙara zai nemi duk abin da ya taɓa faɗa. In ya yi shiru kuwa ciwon yana nan yana cinsa. Gaba kura, baya sayaki.

Tsoron kotu ba na banza ba ne, domin abin ya taɓa faruwa. A watan Yuni na 1991 wata 'yar sanda mai suna Mary Lu Redmond, a wani gari na Jihar Ilinoi, ta amsa kiran rabon faɗa a wani gidan haya, ta harbe wani mutum ya mutu. Bayan haka ta yi zama kimanin hamsin da wata ƙwararriyar ma'aikaciyar jin daɗin jama'a domin ta sami sauƙin abin da yake damunta. Dangin mamacin suka kai ƙara, suka nemi a miƙa musu rubutun da aka yi a waɗannan zama. Ita da ma'aikaciyar suka ƙi. Alƙali ya gaya wa masu taya shi yanke hukunci cewa suna iya ɗauka abin da aka ɓoye ba zai yi mata kyau ba, suka kuwa yanke diyyar dala 545,000. Magana ta kai Kotun Ƙoli, wadda a watan Yuni na 1996, da rinjayen alƙalai bakwai a kan biyu, ta yanke cewa abin da majinyaci ya faɗa wa mai yi masa maganin ƙwaƙwalwa sirri ne wanda kotunan tarayya ba za su tilasta a tona ba. Mai Shari'a John Paul Stevens, wanda ya rubuta hukuncin, ya kafa hujja da cewa jama'a ne za su yi hasara in 'yan sanda suka daina neman magani saboda tsoro, domin ko dai nagari su bar aikin, ko kuwa masu ciwo su ci gaba da shi ba magani.

To, amma hukuncin ƙwararru masu lasisi ya shafa. Abokin shawara ɗan sanda ne kamar kowa, ba likita ba, alhali a kansa mafi yawan shirin tallafin ya dogara. Dalilin dogara da shi a fili yake: ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ɗan sanda ya fi sakin jiki da wanda ya taɓa tsayawa inda ya tsaya. Sai dai in ba doka ta kāre shi ba, ana iya kiran wannan aboki kotu a rantsar da shi, ko shugabansa ya tsare shi da tambaya. Jihohi da dama sun yi dokokin kāre irin wannan hira, wasu ba su yi ba, kuma waɗanda suka yi ba iri ɗaya suka yi ba. A watan Nuwamba na 2021 Shugaba Joe Biden ya sa hannu a kan dokar da ta ba da wannan kāriya, amma ga jami'an tarayya kaɗai, tare da togace wasu abubuwa: in mutum ya nuna niyyar hallaka kansa ko wani, ko ya amsa aikata laifi, ko maganar ta shafi cutar da yaro, to babu sirri. Saboda haka rundunoni biyu suna iya karɓar tallafi iri ɗaya daga aljihu ɗaya, amma ɗan sandan wannan jiha ya yi magana hankali kwance, na waccan kuwa ya yi ta auna kowace kalma.

Ko inda doka ta cika, halin shugabanni yana iya rushe ta. In ofishin ba da shawara yana daura da na shugaban runduna, inda kowa zai ga mai shiga da mai fita, ko kuwa mutum ɗaya ya taɓa yin magana aka ji ta a bakin wasu, to an gama. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Wannan ne ya sa wasu rundunoni suka fitar da ofishin daga hedikwata, wasu kuma suka wajabta wa kowa da kowa, har da manya, ganin ƙwararre sau ɗaya a shekara, don kada shiga ɗakin ya zama alamar komai.

Abin da ake saye da kuɗin

Akwai kuma tambayar ko abin da ake yi yana da amfani. Tun 1983 wani Ba'amurke mai suna Jeffrey Mitchell ya fito da wata hanya ta tara ma'aikatan agaji bayan wani mummunan abu ya auku, a zauna kowa ya faɗi abin da ya gani da yadda ya ji. Hanyar ta bazu ƙwarai a tsakanin 'yan sanda da 'yan kwana-kwana. Daga baya bincike ya nuna cewa zama guda ɗaya na irin wannan tone-tone ba ya hana ciwon razana, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da shi. Abin da ya tabbata yana warkarwa shi ne magani na makonni a hannun ƙwararre, irin wanda asibitocin tsofaffin sojojin Amurka suke bayarwa. Aikin abokin shawara ke nan ya zama jagora wanda zai kama hannun mai ciwo ya kai shi can. In babu ƙwararren da za a kai shi wurinsa, an yi hanya ne wadda ba ta ɓulle ko'ina ba, kuma albashin ƙwararre na dindindin ya fi ƙarfin tallafin shekara biyu.

Ingila ta bi wata hanyar. A can rundunonin ba su da yawa, 43 ne a Ingila da Wales, don haka a watan Afrilu na 2019 aka buɗe hukuma guda ta ƙasa mai kula da walwalar 'yan sanda, wadda aka fi sani da Oscar Kilo, da fam miliyan 7.5 daga gwamnati, tana yi wa dukkan rundunonin hidima ba tare da gasa ba. A shekarar ne kuma masana na Jami'ar Kambirij suka fitar da sakamakon tambayoyin da suka yi wa 'yan sanda kusan 17,000, inda suka sami alamun ciwon razana a jikin kimanin ɗaya cikin biyar, mafi yawansu kuma ba a taɓa gaya musu suna da shi ba.

Bayan mutuwa

Tun 1976 Gwamnatin Amurka take biyan diyya ga iyalan ɗan sandan da ya mutu a bakin aiki, amma kafin 2022 wanda ya kashe kansa ba ya cikin lissafi. Wannan ya sa iyalai suna da dalilin ɓoye yadda mutuwar ta auku, ban da kunyar da take tattare da ita. Abin da ya sauya wannan shi ne harin da aka kai wa ginin Majalisar Dokoki ranar 6 ga Janairu, 2021. Huɗu daga cikin 'yan sandan da suka tare masu harin sun kashe kansu a cikin wannan shekara, biyu a kwanakin da suka biyo baya, biyu a watan Yuli. Iyalansu, musamman matan da aka bari, suka yi ta kai da kawowa a Majalisa, har a watan Agusta na 2022 aka sa hannu a kan dokar da ta amince cewa ciwon razana rauni ne na bakin aiki, kuma iyalan wanda ya mutu ta dalilinsa suna iya neman diyya. An mai da hukuncin dokar baya ya soma daga 1 ga Janairu, 2019.

Game da ƙidaya kuwa, a watan Yuni na 2020 aka yi dokar da ta ɗora wa hukumar FBI nauyin tattara adadin 'yan sandan da suka kashe kansu ko suka yi yunƙurin haka, ta kuma soma karɓar rahoto a farkon 2022. Dokar ba ta wajabta wa kowace runduna ta aiko da nata ba. An bar abin ga wadda ta ga dama.